Cutar da Ke Rubuta Kanta a Littafin Jiki, da Masu Neman Kankare Ta



Ga dalilin wannan rubutu. A watan jiya, bayan an tashi daga karatun yamma, wata baiwar Allah daga cikin iyayen yaranmu ta tsaya a bakin ƙofar aji tana jirana. Da muka gaisa sai ta sassauta murya ta ce, “Allah ya gafarta Malam, wai da gaske ne Turawa sun samo almakashin da ke yanke cutar ƙanjamau daga jikin mutum?” Ashe ƙanenta ne ke ɗauke da cutar. Shekara shida ke nan yana shan magani kullum, ya gaji, ya kuma ga wani labari a waya, shi ne ya ce zai ajiye ƙwayoyin ya jira almakashi. Nan take na ce, “Hajiya, ki gaya masa kada ya kuskura ya tsallake ko da kwana ɗaya.” Na kuma yi mata alkawarin zan rubuta bayanin a tsanake, domin na san ba gidansu kaɗai wannan magana ta shiga ba. Almakashin dai akwai shi, ba ƙarya ba ne. Amma ina aka kwana game da shi, wannan shi ne abin da nake so ku fahimta.

Kafin mu kai ga almakashi, sai mun san abin da ake yankawa. Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kamar yadda ake gina soro da tubali. Larabawa suna kiran kowace ɗaya haliyya, mu kuma a nan za mu ce ƙwayar jiki. A cikin kusan kowace ƙwayar jiki Allah ya ajiye wani dogon rubutu, wanda masana ke kira DNA. Shi ne ke ɗauke da umarnin yadda za a gina jini da gashi da ƙashi, kuma shi ne ake gada daga uwa da uba, shi ya sa ake ce wa yaro ya ɗebo hancin babansa. Haruffan wannan rubutu guda 4 ne kacal, ana ta jujjuya su, amma tsawonsa ya kai haruffa wajen biliyan 3. In da za a ba wani ɗalibi ya riƙa karanta harafi ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ya yi shekara 95 kafin ya sauke. Kuma kofi biyu kowa yake da shi, ɗaya daga wajen uwa, ɗaya daga wajen uba.

Ku ’yan aji uku kun san ƙarfin ɗigo a rubutun Larabci. Ku rubuta rahim a allo, wato mai jinƙai. Ku sa ɗigo ɗaya tak a ƙarƙashin harafin ha, sai ya koma rajim, wato jefaffe. Ɗigo ɗaya ya juya ma’ana gaba ɗaya. To haka littafin jiki yake. Ciwon sikila, wanda kusan babu unguwar da ba a san shi ba a ƙasar nan, asalinsa canjin harafi ɗaya ne daga cikin biliyan 3 ɗin nan. Ku riƙe wannan misali, za mu dawo kansa.

Yanzu sai ƙwayoyin cuta. Akwai wani jinsi nasu da ake kira bairos, wanda ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Bairos ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Ɗan guntun rubutu ne a cikin kwanso, sai ya kutsa cikin ƙwayar jiki ya tilasta mata ta bar aikinta ta koma kwafar rubutunsa. Da yawa daga cikinsu baƙi ne masu wucewa. Mura takan zo ta yi kwanakinta, dakarun jiki su kore ta. Har ciwon hanta nau’in C, wanda a da yake da wuyar magani, tun daga ƙarshen 2013 aka fara samun ƙwayoyin da in an sha su mako 8 zuwa 12 suna kawar da shi a jikin mafi yawan marasa lafiya, domin shi ba ya barin ajiya a cikin littafin jiki.

Amma ƙwayar HIV mai kawo ƙanjamau, ita ɗabi’arta daban. Ka ɗauka marubuci yana zaune yana kwafar wani babban littafi, sai wani ya faki idonsa ya cusa nasa shafin a tsakiya, da irin tawadar, da irin hannun, ya ɗinke. Daga ranar duk wanda ya kwafi littafin sai ya kwafa har da baƙon shafin, bai sani ba. Haka HIV take yi. Takan shiga wasu fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki, ta ɗinka rubutunta mai haruffa kusan dubu 10 a cikin DNA ɗin mutum. Wasu daga cikin waɗannan dakaru sai su kwanta barci na shekaru da shafin a cikinsu. Maganin da ake bayarwa a asibiti yana hana cutar yaɗuwa zuwa sababbin ƙwayoyi, har ta kai gwaji ba ya ganinta a jini, mutum ya yi ƙiba ya yi sana’arsa. Sai dai maganin ba ya kaiwa ga shafin da ke kwance. Ranar da aka daina sha, yawanci cikin mako 2 zuwa 4 cutar ta farka ta cika jini. Wanda kuma yake sha yana tsallakewa, yana ba ta dama ta saba da maganin har ya daina yi mata aiki. Wannan shi ya sa na yi wa Hajiya magana da gaggawa.

Ciwon hanta nau’in B shi ma yana da irin wannan dabara, kuma shi ya fi yawa a tsakaninmu, ko da yake ba a cika zancensa ba. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna masu HIV sun kai wajen miliyan 1.9, amma na ciwon hanta nau’in B ya nuna kusan mutum 1 cikin kowane baligi 12. Shi nasa rubutun gajere ne, haruffa wajen 3,200. Yakan naɗe shi kamar ɗan zobe ya ajiye a tsakiyar ƙwayar hanta, kamar a zura takarda a cikin gafaka kusa da littafi, wani lokaci kuma wasu guntaye nasa sukan manne a jikin littafin kansa. Mutum yana yawo lafiya lau shekara ashirin ko talatin, hanta tana lalacewa a hankali, sai daga baya a ga ciki ya kumbura ido ya yi shawara, a fara cewa sammu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da shi, kuma ya kashe wajen miliyan 1.1 a shekarar.

To kun ga mas’alar. Rubutu ne a cikin rubutu. Tambayar da masana suka daɗe suna yi ita ce, shin ba za a iya shiga a kankare baƙon shafin ba, kamar yadda marubuci yake sa reza ya kankare kuskure a takarda?

Abin mamaki, wuƙar yin wannan aiki ba mutum ne ya ƙirƙiro ta ba, tsintar ta aka yi a jikin bakteriya. Su ma bakteriya suna da nasu bairos da ke kashe su. A 1987 wani masani a Japan, Yoshizumi Ishino, ya lura da wasu haruffa masu maimaita kansu a rubutun wata bakteriya. A 2005 Francisco Mojica na ƙasar Sifen ya nuna cewa abin da ke tsakanin maimaicin nan guntaye ne na rubutun bairos. Sai a 2007 masu bincike na kamfanin Danisco, wanda ke sayar wa masu yin yogot da cuku bakteriyar da ke tsinka madara, suka tabbatar da amfanin abin. Su damuwarsu kawai kada bairos ya ɓata musu nono. Suka gano cewa idan bairos ya kai wa bakteriya hari ta tsira, sai ta yanki ɗan guntun rubutunsa ta adana, kamar mai gida ya ajiye hoton ɓarawon da ya taɓa shigo masa. In ya sake dawowa, sai ta ba wani sinadari nata hoton, ya bi ya nemo mai kama da shi ya datse. Ku duba hikimar Ubangiji, dangin ’yan halittun da ke mayar da madara kindirmo a cikin ƙwarya suna da ma’ajiyar hotuna da kuma ɗan doka! Wannan tsari shi ake kira CRISPR, sinadarin mai yanka kuma Cas9.

A 2012 wasu mata biyu, Jennifer Doudna ta Amurka da Emmanuelle Charpentier ta Faransa, suka nuna cewa mutum zai iya rubuta hoton da kansa, haruffa wajen 20, ya miƙa wa sinadarin, shi kuma ya je ya yanka duk inda ya ga wannan jimla. A 2020 aka ba su kyautar Nobel saboda wannan. Shi ne almakashin da ƙanen Hajiya ya ji labari.

Hanyoyi biyu ake bi wajen juya shi kan HIV. Ta farko ita ce toshe ƙofa, kuma tana da labari. Galibin ƙwayoyin HIV ba sa iya shiga ƙwayar jini sai ta wata ƙofa da ake kira CCR5. A 1996 aka gano cewa akwai mutanen da aka halitta ba su da wannan ƙofa, domin haruffa 32 sun faɗi daga wurin a kofin uwa da na uba duka. A arewacin Turai ana samun kamar mutum 1 cikin 100, a cikinmu baƙaƙen fata kuwa da ƙyar ake samu. Akwai wani Ba’amurke mazaunin birnin Balin na Jamus, Timothy Ray Brown, yana da HIV sai kuma ciwon daji na jini ya kama shi. Dole a yi masa dashen ɓargo. Likitansa, Gero Hütter, ya nemo mai ba da ɓargo daga cikin mutanen nan marasa ƙofa. Aka yi dashen a 2007, aka sake a 2008. Ya daina shan maganin HIV, kuma ba ta dawo ba har ya mutu a 2020, ciwon dajin ne ya dawo ya yi ajalinsa. Bayansa an sami wasu ’yan ƙalilan da suka warke ta irin wannan dashe. Amma dashen ɓargo aiki ne da kan iya kashe mutum, ba a yi wa kowa sai wanda ciwon daji ya riga ya tsare shi. Sai masana suka ce, to me zai hana a ɗebi ƙwayoyin mutum nasa na kansa, a toshe musu ƙofar da almakashi, a mayar masa? An gwada da wani tsohon nau’in almakashi a kan mutum 12 a Amurka, aka buga sakamakon a 2014. An gwada da CRISPR a kan mutum ɗaya a birnin Bejin na ƙasar Sin, aka buga a 2019. Mutanen ba su warke ba. A gwajin Bejin, ƙwayoyin da gyaran ya kama ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, sauran ƙofofi na nan a buɗe. Kuma akwai wasu nau’o’in HIV da suke da wata ƙofar ta daban.

Hanya ta biyu ita ce a bi shafin har inda yake a yanke shi. A 2019 masana na Jami’ar Temple da Jami’ar Nebraska a Amurka suka ba da labarin cewa sun kawar da HIV daga jikin wajen kashi ɗaya cikin uku na ɓerayen da suka haɗa wa magani da almakashi. Jaridu suka ɗauka, duniya ta yi ta murna. A 2022 aka fara gwada shi a kan ’yan mutane kaɗan, ta hanyar ƙarin ruwa sau ɗaya. Sakamakon ya fito a 2024. Ba wanda ya gamu da mummunar illa, alhamdu lillahi. Amma mutum 3 da aka dakatar wa maganinsu don a gani, dukansu cutar ta dawo, suka koma kan ƙwayoyinsu. Ɗaya daga cikinsu ya kai wajen mako 16 kafin ta dawo, wanda ya nuna almakashin ya taɓa wani abu. Taɓawa dai ba cirewa ba ce. Na ciwon hanta nau’in B kuwa, a ƙarshen 2024 aka fara gwajin irin wannan a kan mutane a ƙasar Moldoba. Wasu masanan sun fi sa rai a kan hanta, domin abin da aka zuba a jini cikin ɗan ƙunshin maiƙo yakan taru a hanta da kansa, ba kamar dakarun jini ba da suke warwatse ko’ina.

Me ya sa abin ya yi wuya haka? Domin almakashin sai an kai shi cikin ƙwayar da ke ɗauke da shafin, ɗaya bayan ɗaya. Su kuwa masu barcin nan sun ɓuya a kaluluwa da hanji da saifa har da ƙwaƙwalwa, kuma a waje ba su da wata alama da ta bambanta su da masu lafiya. In ka kankare dubu ka bar goma, goman nan sun isa su sake kunna wutar. Manomi ya san haka game da ƙuduji, in ka bari ’yan kaɗan suka zuba iri, baɗi gonar ta cika.

Yanzu mu zo ga haɗari, kuma a nan nake so ku nutsu. Wanda duk ya taɓa kankare tawada da reza ya san abin da ke faruwa in hannu ya yi nauyi. Takardar ce ke hujewa. Jimla mai haruffa 20 a cikin littafi mai biliyan 3, ba a rasa wadda ta yi kama da ita sai dai harafi ɗaya ko biyu. Wani lokaci almakashin yakan ruɗe ya yanka a can. Ko da ma ya yanka daidai, ba shi ke ɗinkewa ba. Ƙwayar jiki ce ke gaggawar haɗa bakin yankan, kuma ɗinkinta na sauri ne, takan zubar da haruffa ko ta ƙara. A 2018 masana a Ingila suka nuna cewa wani lokaci dubban haruffa ke ɓata a wurin, ko shafi ya juye, ko ya je ya manne a wani babi daban. Ku tuna rahim da rajim. In kuskuren ya faɗa kan umarnin da ke tsawata wa ƙwayar jiki kada ta yi ta hayayyafa ba tsari, ƙarshensa ciwon daji ne, kuma ba lallai ya bayyana ba sai bayan shekaru. Bambancin wannan da ƙwayar magani shi ne, ƙwaya in ta ba ka illa sai ka daina sha, ta fita daga jiki. Yanka kuwa ba ya komawa. Shi ya sa hukumar magunguna ta Amurka take neman a riƙa bibiyar waɗanda aka yi wa irin wannan aiki har shekara 15.

Ita ma cutar ba ta zauna jira ba. A 2016 masana a Kanada da Holan suka ga cewa in an yanki HIV a wuri ɗaya kawai, ɗinkin gaggawar nan yakan canja haruffan wurin, cutar ta rayu, almakashin kuma ya daina gane ta. Wato an je kashe ta an yi mata sabuwar riga. Daga nan aka koma yanka a wurare biyu ko uku a lokaci guda, amma yawan yanka shi ma yawan ƙofar kuskure ne.

Sai kuma ɗan aiken. Sau da yawa abin da ake ɗora wa almakashin ya kai shi cikin jiki wani bairos ne da aka cire wa dafi. Dakarun jiki ba su san an cire masa dafi ba, suna iya tasar masa da yaƙin da zai cutar da mai jikin. A watan Satumba na 1999 wani saurayi ɗan shekara 18, Jesse Gelsinger, ya mutu a Amurka kwana 4 bayan an zuba masa irin wannan ɗan aike a wani gwaji. Lokacin ba a ma san CRISPR a matsayin magani ba, amma darasin bai tsufa ba.

Duk abin da muka ambata a sama, gyara ne a jikin mutum ɗaya da ya balaga ya kuma yarda, in ya mutu gyaran ya bi shi kabari. Akwai wani iri da ya fi wannan nauyi. A watan Nuwamba na 2018 wani masani a birnin Shenzen na ƙasar Sin, He Jiankui, ya fito ya ce an haifi tagwaye mata waɗanda ya taɓa musu rubutun gado tun suna ’yan ƙwayoyi a kwalbar gwaji, kafin a sa su a mahaifa. Mahaifinsu yana da HIV, shi ne wai ya toshe musu ƙofar CCR5 don kada su kamu. Masana na duniya suka yi masa ca, kuma a ganina sun yi daidai. Na farko, yaran ba su da wata cuta, kuma akwai sanannun hanyoyi masu sauƙi na hana uba ya sa wa ɗa. Na biyu, aikin bai yi kyau ba. Canjin da ya samu ba irin na mutanen Turai ɗin nan ba ne, wani sabo ne da ba a san halinsa ba, kuma ɗaya daga cikin yaran kofi ɗaya kawai ya taɓu. Na uku, ƙofar nan ba don banza aka halicce ta ba. An san marasa ita sun fi shan wuya in suka kamu da zazzaɓin Yammacin Nilu, wanda sauro ke yaɗawa. Na huɗu, wanda ya fi duka, gyaran da aka yi wa ɗan tayi yana shiga duk jikinsa, ya wuce ga ’ya’yansa da jikokinsa, mutanen da ba wanda ya nemi izninsu. A Disamba 2019 kotun ƙasar ta ɗaure shi shekara 3 tare da tarar yuwan miliyan 3. Ya fito a 2022. Yaran kuwa, har da ta ukun da aka haifa daga baya, za su rayu da abin da aka rubuta musu.

Na san wasu iyaye za su ce, to Malam, shin taɓa halitta irin wannan ya halatta ma kuwa? Malamai ba su yi barci a kai ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 1998, tun kafin a san wannan almakashi, ta duba ilmin sarrafa ƙwayoyin gado. Abin da ta tsayar, a taƙaice, ya halatta a yi amfani da shi don rigakafin cuta ko warkar da ita ko rage raɗaɗinta, da sharaɗin kada ya haifar da cutarwar da ta fi wadda ake gudu, kuma da iznin mai jikin. Ta hana wasa da halittar ɗan Adam da sunan inganta iri. Kun ga ke nan neman maganin ba laifi ba ne, abin yabo ne. Ma’aunin shi ne wanda muke koya a darasin usulu, a auna maslaha da mafsada. Wanda ciwo ya kai shi bakin kabari, babu wani magani, an yi masa uzuri in ya rungumi haɗari. Wanda kuwa yake da ƙwayar da ke riƙe shi lafiya, ma’auninsa daban ne, kuma su kansu likitocin haka suke aunawa. Shi ya sa suke tafiya a hankali ƙwarai game da HIV.

Saura maganar kuɗi, ita ma gajera ce. Maganin CRISPR na farko da hukumomi suka amince da shi ba na bairos ba ne, na sikila ne. Sunansa Casgevy, Ingila ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka a Disamba. Ana ɗibar ƙwayoyin ɓargon mara lafiya a gyara a waje, a ba shi magani mai ƙarfi da ke share tsohon ɓargon, wanda kan iya hana haihuwa, sannan a mayar masa. Da yawa daga waɗanda aka yi wa sun rabu da tashin ciwon, kuma wannan babbar ni’ima ce. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, wanda a canjin 2025 ya haura naira biliyan 3. Ƙasar da ta fi kowace yawan haihuwar masu sikila kuwa ita ce tamu. Saboda haka duk wanda ya zo muku a waya ko a kasuwa ya ce yana da allurar gyaran DNA mai wanke ƙanjamau ko ciwon hanta, ku biya dubu kaza, ku sani macuci ne. Babu irin wannan magani da wata hukuma ta amince da shi don cutar bairos. Iyakarsa ɗakunan gwaji.

Ba ina cewa a yanke ƙauna ba ne. Daga 2012 zuwa 2023, shekara 11 kawai, abin ya tashi daga kwalba ya kai ga warkar da mutane, kuma yanzu har an ƙera wasu nau’o’in da ke canja harafi ɗaya ba tare da datse takardar ba, da wasu da ke rufe baƙon shafin kada a karanta shi. Mai yiwuwa a cikinku ’yan aji shida akwai wanda zai yi wannan aiki da hannunsa, in Allah ya so, kuma zan so haka. Amma ƙanen Hajiya yau yake bukatar lafiya. Mai HIV da ya riƙe maganinsa har gwaji ya daina ganin cutar yana iya yin tsawon rai kamar kowa, ba ya sa wa matarsa ta hanyar aure, kuma mace mai ciki da ke shan nata kan ƙa’ida galibi takan haifi ɗa lafiyayye. Ku kuma yara, in kun san wani mai wannan lalura, ba abin tsegumi ba ne a hanyar makaranta. Ba a ɗaukarta ta gaisawa ko cin abinci a kwano ɗaya.

Ciwon hanta nau’in B kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce kada a bari ya yi rubutun tun farko. Babba in ya kamu, fiye da kashi 95 cikin 100 jikinsu na kore shi. Jariri in ya kamu, wajen 9 cikin 10 yana zama a jikinsu har girma. Shi ya sa ake so a yi wa jariri allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu a kai shi asibiti, sannan a bi da na mako 6 da 10 da 14. Kyauta ake yi a asibitocin gwamnati. Ƙwayar cutar tana iya yin kwana 7 a raye a jikin aska ko reza da jini ya taɓa, saboda haka ranar suna da ranar kaciya ku tabbatar wanzami ya buɗe sabuwa a gabanku, kuma ’yan makarantar kwana kada a riƙa aron reza ana yanke farce. Iyaye da ba su taɓa gwada jininsu ba su je a gwada, digon jini ne a yatsa.

Ga aikin gida ga kowane ɗalibi. Ka roƙi Inna ko Umma ta ɗauko katin rigakafin ƙanenka ko ƙanwarka mafi ƙanƙanta, ku duba tare ko an cike layin allurar hanta ta ranar haihuwa da sauran ukun da ke biye. Wanda bai gane rubutun katin ba ya zo da shi ranar Asabar, mu duba a aji bayan darasin farko.